Sai Ka Ce "Ni" Kafin A Ji Tausayinka?

Masu son finafinan sararin samaniya suna yawan yabon wani kashi na shirin Star Trek mai suna "I, Borg", wanda aka nuna a Amurka a 1992. Wai darasin tausayi ne. Ni dai ban yarda ba, kuma a nahawun labarin na samo hujjata.

Ga wanda bai gani ba: ma'aikatan jirgin Enterprise sun tsinci wani saurayi cikin rauni, ɗaya daga cikin Borg, wasu halittu rabi tsoka rabi na'ura, masu tunani guda, waɗanda ba su san "ni" ba, sai "mu". Abokan gaba ne na haƙiƙa. A yaƙi guda sun tarwatsa jirage 39, kuma shi kansa Kyaftin Picard sun taɓa kama shi suka maida shi kakakinsu. Sai Picard ya ba injiniyansa La Forge oda ya ƙera wani tsari da za a cusa wa fursunan a ƙwaƙwalwa, a maida shi gida, ya zame wa jinsinsa guba baki ɗaya. La Forge ya kama aiki. Amma yau hira gobe hira, jikinsa ya fara sanyi. Har suna suka raɗa wa yaron, Hugh, daga kalmar Ingilishi mai nufin "kai".

To ga inda magana take. Ingilishi yana da wakilin suna na abin da ba mutum ba, "it", kuma da shi Picard ya dage yana kiran yaron. Ranar da suka haɗu ido da ido, kyaftin ya gwada shi, ya umarce shi ya taimaka a kama La Forge. Yaron ya ƙi, kuma cikin ƙin nasa ya ce "ni". Nan take aka fasa shirin.

A Hausa, kalmar lamiri da muka aro daga Larabci tana ɗauke da ma'ana biyu: wakilin suna a nahawu, da kuma muryar nan da ke tsawata wa mutum a zuci. Lamirin Picard na biyu bai farka ba sai da fursuna ya canza na farko. Wato yaron jarrabawar harshe ya ci. Da ya ci gaba da cewa "mu" fa? Da an ɗora masa gubar an sallame shi, kowa ya kwana lafiya. Raunin da ke jikinsa bai isa ba, kaɗaicinsa bai isa ba, sai da ya yi magana irin ta masu gadinsa. Don Allah wannan ne tausayin?

Wani zai ce yaƙi ne, Borg ba su san sulhu ba, kyaftin rayukan mutanensa yake karewa. Na ji, kuma hujja ce mai nauyi. A kashin "Descent" na 1993 ma wata babbar hafsa, Nechayev, ta yi masa faɗa kan ya bar dama ta wuce. Amma in haɗarin ne ya halatta kisan jinsi guda, kalma ɗaya daga bakin yaro ba ta rage haɗarin da ƙwayar zarra ba. In kuwa kisan haramun ne, tun ranar farko haramun yake. Sai a zaɓi ɗaya.

Mutum guda ce ta zaɓa tun da wuri, likitar jirgin, Crusher. Ita ta dage a yi masa magani, ita ta faɗa a gaban manya cewa abin da suke shiryawa shafe al'umma ne, tun yaron ba shi da suna. Ba ta jira ya burge ta ba. Amma da yake ba ta yi ta juyi a shimfiɗa tana fama da zuciyarta ba, masu yabo sun fi tuna La Forge. Ƴan kallo muna son mai shakka fiye da mai gaskiya, alhali shi mai shakkar nan yana shakka ne hannunsa na kan aikin.

Kada mu ce ai mu ba mu da "it", kowa a Hausa shi ne ko ita. Muna da baubawa, muna da gwaranci, kalmomin da ke auna darajar mutum da yadda harshensa ke juya namu. Ku saurari yadda ake amsa wa baƙon da ya kasa haɗa jimla a tasha.

Ƙarshen labarin ma da sauran rina a kaba. Hugh ya zaɓi komawa don kada Borg su biyo sawunsa su cuci La Forge, shi kuma Picard ya sake shi yana fatan wannan "ni" ɗin zai yaɗu cikinsu. Ya kuwa yaɗu. A "Descent" mun tarar da ƴan uwansa a ruɗe, sun kasa tafiyar da jirginsu, har wani mugu mai suna Lore ya tattara su ya maida su sojojinsa.