Daga Bakin Rumfa: Ranar da Auta ya farke mini tocila

 Wannan makon mu ɗan huta da zancen canji da na kwastan. Zancen tocila zan yi, da na wani yaro da ya kusa shan duka a hannuna saboda ita.

Na shiga harkar tocila da batir a nan Kumasi a 2015, lokacin da ɗauke wutar nan da mutanen Gana ke kira dumso ta yi ƙamari, har ta kai a ba unguwa wutar awa 12 a ɗauke ta awa 24. Tun daga sannan na sayar da tocila ba adadi, amma ban taɓa leƙa cikin ko guda ba. Iyakar sanina kuɗin katan, da ribata, da abin da aka rubuta a jikin kwali.

Watannin baya na dawo daga sallar isha'i na tarar da autana, ɗan shekara 16, ya baje sababbin tociloli uku a kan tabarma ya yi musu filla-filla. Gilashi nan, sifirin can. Raina ya ɓaci, har na fara waigen bulala. Uwarsa ce ta tare ni ta ce, "Alhaji, bari ya mayar tukuna. In ya kasa, ni zan biya." Ya mayar da su duka, suka kama. Duk da haka na kafa masa doka: kada ya ƙara taɓa mini kaya.

Ba a yi mako biyu ba sai ga dattijon da ke gadin layin 'yan atamfa ya zo ya dangwarar mini da tocila a kan tebur. Ya ce, "Alhaji, ni haske na saya, ba fitilar gidan rawa ba." Wai cikin dare ya ji motsi a bayan wani shago, ya danna, sai tocila ta hau walƙiya fal-fal-fal. Kafin ya danna sau uku ya kai ga hasken kirki, mai motsi ya yi nasa wuri. Na ɗauko wata zan canza masa, Auta da ke gefe ya ce a hankali, "Baba, duk katan ɗin haka suke. Amma in ka yarda, zan gyara ta da fensir."

Na ɗauka shaƙiyanci ne. Ya kwance kan tocilar, ya zaro wani ɗan faifai kamar kwabo, ya nuna mini wani ɗan abu mai launin ƙasa da bai kai ƙwayar gero ba. Sunansa kafasita, aikinsa riƙe 'yar wuta. Ita wannan 'yar wutar ce ke shaida wa tocila cewa yanzun nan aka kashe ta, don haka ta tsallaka zuwa haske na gaba. A tocila mai araha kafasitan yakan daɗe bai saki wutar ba, shi ya sa ko bayan dogon lokaci ka kunna sai ta tsallaka, wata rana ta faɗa kan walƙiya. Baƙin da ke cikin fensir yana ɗan wuce da wuta. Da ya goga shi a kan kafasitan, daga wannan baki zuwa wancan, sai wutar ta riƙa zurarewa cikin daƙiƙa kaɗan. Daga ranar, in tocilar ta ɗan huta aka kunna, da babban haske take farawa. Maigadi ya sa wa yaro albarka ya tafi, ni kuwa na rasa bakin magana. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ran nan a zaune yaro ya hango abin da na shekara da shekaru ina sayarwa ban gani ba.

Da dare na ce ya zauna ya karantar da ni. Ashe akwai mutane a ƙasashe da dama, daga Amurka da Turai har Rasha da Sin, da suka mayar da farke tocila abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. A wurinsu tocila gida huɗu ce: batir, makunni, ƙwan haske, da wancan faifan da suke kira direba, don shi ke tuƙa wuta daga batir zuwa ƙwai.

Mu fara da makunni, don a nan akasarin tocilolin da ake dawo mana da su ke mutuwa. Na gindin tocila iri biyu ne. Akwai wanda sai ka danna ya yi ƙas ka saki sannan haske ya zo, shi ne ya cika kasuwa. Akwai wanda da ka ɗan taɓa haske zai fito, ka ɗaga yatsa ya ɗauke, ba ƙara. Wannan na biyun shi ya dace da maigadi, kuma a wasu tociloli ana iya cire wancan a sa wannan. Na uku shi ne ɗan maɓallin gefe mai taushi, wanda saƙo kawai yake aika wa direba. Irinsa ko a kashe yake yana tsotsar batir kaɗan-kaɗan, don haka in za a ajiye tocilar a ɗan sassauta murfin gindinta. Ga kuma gwajin da kowane mai rumfa ya kamata ya iya: tocila ta ƙi kamawa, cire murfin gindi, sa ɗan ƙarfe ya haɗa gindin batir da bakin bututun inda ba fenti. In ta kama, ciwon a makunni yake, kuma sau da yawa zoben da ke riƙe shi ne ya sassauta ko datti ya taru. A ɗaure, a goge, shi ke nan. Da na tuna yawan waɗanda na zubar a bola kan wannan, sai da na yi tsaki.

A kan direba kuma, ya nuna mini wata tocila mai suna Convoy S2+ da ya roƙi wani maƙwabcinmu mai zuwa Sin ya sayo masa da kuɗin tarinsa. A faifanta akwai wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa masu lamba 7135, kowane guda yana sakin wuta miliamfa 350. Takwas suna ba da 2,800, uku suna ba da 1,050. Masu son burga ƙara su suke yi da dalma, wani a kan wani. Auta rage su ya yi. Lissafinsa shi ne: batir mai 3,000 zai yi wajen awa ɗaya da takwas ɗin, ga zafi kamar dutsen guga, amma da uku zai kusa awa uku. Ido kuma ba ya ganin bambancin yadda lamba ta nuna, don sai haske ya ninka wajen sau huɗu kafin mutum ya ga kamar ya ninka biyu. Mai kwana a tasha ko mai jiran mota a kan iyaka, daɗewa yake nema.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wai tocila na da manhaja. A tsakiyar faifan akwai 'yar ƙwaƙwalwa, irin su ATtiny13A, wadda duk ma'ajiyarta kilobayit ɗaya ce. Hoto guda na wayarka ya ninka ta sau dubbai. A ciki aka rubuta umarnin da tocila ke bi, wanda masu abin ke kira famwaya: haske hawa nawa, da wanne za a fara, a yi walƙiya ko kada a yi. Wata mata a Amurka da aka fi sani da laƙabin ToyKeeper ta rubuta irin waɗannan ta sake su kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara. Ɗaya sunanta Biscotti, mai tsari 12 da mutum zai zaɓa ta hanyar taɓa makunni da sauri-sauri, har da tsarin da ba walƙiya sam. Babbar ita ce Anduril, ta tociloli masu maɓallin gefe. Ka danne, haske ya riƙa hawa a hankali. Ka danna sau uku tana kashe, ta ƙifta maka yawan wutar da ta rage a batir. Sau huɗu, ta kulle kanta kada ta kama a aljihu. In ta yi zafi kuma ta rage haske da kanta. Masu zurfi a harkar har maƙala wa ƙwaƙwalwar wani ɗan matsi suke yi, su haɗa da kwamfuta, su goge tsohon umarni su zuba sabo.

To, inda abin ya taɓa aljihuna shi ne batir. Batirin nan mai lamba 18650, sunansa awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Ina da katan biyu da aka rubuta wa 9900mAh. Auta ya ce, "Baba, manyan kamfanoni irin Samsung da LG da Panasonic ma nasu bai wuce wajen 3,500 ba." Ya ɗora a sikeli. Na gaske yakan kai giram 45 ko sama, nawa kuwa sakayau. Ya gwada da cajar da ke auna ciki, ko dubu ba su kai ba. Kwana biyu ina juya abin a raina. Da ban sani ba, da sauƙi, amma wanda ya sani ya sayar a kan abin da ke rubuce, algus ya yi, ko da ba shi ya buga kwalin ba. Na karya kuɗinsu, duk wanda ya zo na faɗa masa gaskiya, marasa nauyin can kuma na ƙi sayarwa. Na yi asara, ba zan ɓoye ba. Wani abokin sana'a har ya ce yaro ya sa ni zubar da jari.

Sai dai Allah ya buɗe wata ƙofar. Farin ƙwan nan na LED asalinsa shuɗi ne aka shafe da wani sinadari rawaya. Shuji Nakamura ne ya fito da shuɗin mai haske a kamfanin Nichia na Japan a 1993, aikin da ya sa shi da wasu Japanawa biyu suka sami kyautar Nobel a 2014. Ƙwai mai araha yakan yi shuɗi-shuɗi ya kashe launi, ja ya koma kamar ruwan ƙasa. Akwai ma'aunin fito da launi da ke tsayawa a 100: na araha wajen 70, masu kyau sama da 90. Auta ya canza wa wani mai atamfa ƙwai ya sa masa mai kyau, yanzu 'yan layin da ke duba kaya a cikin sito mai duhu layi suke bi.

Kada in rufe ban yi gargaɗi ba. Batirin nan ba abin wasa ba ne. Auta ya taɓa sa wanda rigarsa ta yage a aljihu tare da makullai, ya yi zafin da sai da ya ƙona masa cinya. Duk jikin batirin ɓangaren wuta ɗaya ne, kansa ɗayan, ƙarfe na haɗa su ya zama wuta. Dokokin gidana yanzu: ba a sa batir tsirara a aljihu, mai yagaggiyar riga a sake masa riga ko a ajiye shi, caji ba ya wuce bolt 4.2, ba a caji a kan katifa ko a bar shi a kwanta barci, wanda ya kumbura ko ya lotsa an gama da shi, kuma ba a haska wa ƙanne a ido.

Iyaye, da yawanmu muna da irin yaron nan a gida, mai kwance rediyo da fanka, muna kiransa maɓarnaci. Ku ware masa matattun kaya ya koya a kansu, ku saya masa 'yar mita da ƙarfen narka dalma, ku sa ido a kan batir. Ni na ba Auta kusurwar rumfa, bisa sharaɗin sai ya taso daga boko da islamiyya, kuma in sakamakon jarrabawa ya faɗi, kusurwa ta rufe. Uwarsa kuwa har yau in mun yi saɓani sai ta ce, "Alhaji, a kawo fensir ne?"

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.