Labubu: wa ya haddasa tsadar, dillali ko kamfani?

Masu leƙa TikTok sun san wannan ƴar tsana mai kunnuwan zomo da haƙora tara a waje, wadda ake ratayawa a jikin jaka. Sunanta Labubu. Wani mai zane haifaffen Hong Kong, Kasing Lung, ya ƙirƙiro ta a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya fara sayar da ita a 2019. Da aka gan ta a jakar Lisa, mawaƙiyar Blackpink, a 2024, sai duniya ta rikice.

A kanti kuɗinta kamar dalar Amurka 28 ne, wajen jikka 16 ke nan namu. To amma ina za ka same ta a kanti? Kafin mai so ya latsa wayarshi, dillalai sun kwashe da manhajar kwamfuta mai saye cikin ƙiftawar ido, sannan su maido ta intanet da kuɗi ninki biyu, ninki uku, wani lokaci fiye. A watan Mayu na 2025 sai da Pop Mart ya dakatar da sayar da ita a kantunanshi na Birtaniya, saboda rigima a layi. Manya fa, ba yara ba! A watan Yuni kuma, a Beijin, aka yi gwanjon wata mai tsawon mutum a kan yuwan miliyan 1 da dubu 80, sama da miliyan 80 na sefa.

Masu tara waɗannan kaya suna ta zagin dillalai, kuma suna da gaskiya. Mutum ya yi sammako, ya yi awowi a layi, wanda ko sunan tsanar bai iya faɗi ba ya riga shi. Da ciwo. Amma ni a ganina zagin ya tsaya a rabin hanya.

Dillali bai ƙirƙiro ƙarancin ba, tarar da shi ya yi. Hatsi in ya yi wuya, ana iya cewa damina ce ba ta yi kyau ba. Roba da ƙyalle kuwa wace damina suke jira? Kamfani ne ke yanke yawan da zai fitar. Kuma a rufe ake sayar da ita cikin kwali, ba ka san wadda ka saya ba sai ka buɗe. Iri shida ne sanannu, da wata ta ɓoye da ake samu sau 1 cikin 72. Ka biya, ka buɗe, ba ita ba, ka sake biya. Wallahi in ba caca ba ce, to ƙanwarta ce. Tsadar da dillali ke sa wa kuwa talla ce ta kyauta ga kamfanin, don ita ke sa kowa ya ɗauka abin zinariya ne.

Shi ma mai tarawa da sauran magana a kanshi: duk ranar da ya gaji ya saya a hannun dillali, ya ba shi jarin gobe.

Hujja ta fito da kanta. Da Pop Mart ya ƙara yawan kayan a tsakiyar 2025, farashin bayan fage ya faɗo, dillalai da dama sun kwana da kwalaye a ɗaki. Ashe tun farko maganin yana hannun kamfanin.