Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar NAFDAC Kan Ledar Jini Da Ta Ƙarin Ruwa

Ranki ya daɗe, Farfesa Mojisola Adeyeye,

Jama'a na ganin yadda hukumarki ke farautar jabun magunguna. Ni kuwa a kan mazubin magani na ɗauki alƙalami: ledar jini, ledar ƙarin ruwa, da siririn tiyon nan da ake zura wa bakwaini ta hanci don a ba shi nono.

Da yawa daga cikin kayan nan da robar PVC ake yin su, wato dangin bututun famfo. Ita a asalinta tauri gare ta. Don ta yi laushi, sai a cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo da ake kira DEHP, wanda a ledar jini yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na nauyinta. Sinadarin bai kama jikin robar ba, zaman haya yake yi a ciki. Da ya haɗu da abu mai kitse, kamar jini ko abincin da ake ba majiyyaci ta jijiya, sai ya riƙa tsattsafowa yana bin ruwan zuwa jiki. Daɗewa da ɗumi suna ƙara masa gudu, kwalbar da ake saka bakwaini kuwa da gangan ake ɗumama ta.

Maganar ta daɗe. Tun 1970 Jaeger da Rubin na Jami'ar Johns Hopkins suka gano shi a jinin da aka adana cikin leda. Gwaji a kan beraye ya nuna yana lalata 'ya'yan maraina, musamman na ƙanana. Hujjar a kan ɗan Adam ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma ta isa ta sa hukumar FDA ta Amurka, a 2002, ta shawarci asibitoci su nemi madadi ga jarirai maza, da masu cikin ɗa namiji, da yara maza da ke dab da balaga.

Ki dubi jaririn da shawara ta kama har aka yanke a canza masa jini. Nauyinsa kilo biyu, tiyo a cibiya, wani a hanci, kuma hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da baƙon abu da sauri ba. Ga masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ana ƙara musu jini a kai a kai. Ga masu wankin ƙoda.

Ba na cewa a haramta shi gobe da safe. DEHP na taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su daɗe a ajiye ba su farfashe ba, kuma uwar da za ta hana a sa wa ɗanta ruwa saboda tsoron roba ta jefa shi cikin haɗarin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Roƙona shi ne a fara da rubutu a jikin kaya. Dokar Tarayyar Turai ta 2017 ta tilasta wa kamfani ya kawo dalili, ya kuma rubuta, idan irin wannan sinadari ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari. Duk mai neman lambar NAFDAC shi ma ya faɗi abin da ya laushe robarsa da shi, don nas ta san abin da ke hannunta. Sannan ki haɗa kai da Ma'aikatar Lafiya a fara sauya kayan ɗakin jarirai, tunda akwai tiyon silikon da robobin da ba sa buƙatar DEHP.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Daga Yulin 2030 Turai ba za ta bari a sa DEHP a kayan asibiti ba sai da izini na musamman, jihar Kalifoniya ma ta haramta shi a ledar ƙarin ruwa daga shekarar ta 2030. Kayan da aka ƙi a can za su nemi kasuwa, da araha, kuma tashar Apapa a buɗe take. Ina roƙon ƙa'idarki ta riga su isowa.

Ki huta lafiya.

Wani ɗan ƙasa