Shigar Ma'aikaci Da Hunturu

Kowace shekara, tun daga ƙarshen Nuwamba har wajen tsakiyar Maris, iskar nan ta arewa maso gabas ta kan taso daga hamadar Sahara ta lulluɓe ƙasarmu da hazo. Ba baƙuwa ba ce, kowa ya san watan zuwanta. Amma abin mamaki, kullum sai ta tarad da mu kamar ba mu taɓa ganinta ba.

Wanda ya tsaya bakin hanya da sassafe cikin Janairu zai ga ma'aikata iri biyu. Na fari ya sa rigarsa sabuwa, shara-shara, ta sha guga, ba komi a ciki sai singileti. Yana tafe yana rawar ɗari, hannuwa a hammata, wai shi kada kwalliyarsa ta ɓaci. Na biyu kuwa ya ɗora ƙaton kwat na gwanjo bisa babbar riga, ya naɗa tawul a ka, har ba ka sanin malami ne ko mai gadi. Dukansu biyu abu ɗaya su ka ɗauka, watau dole mutum ya zaɓa, ko ɗumi ko ado. Ni kuwa na ce ba haka ba ne. Wanda ya san yadda tufa ke aiki ya kan sami duka biyu, da kuɗi kaɗan.

Kada wani ya ce sanyin ƙasarmu bai isa a yi magana a kansa ba. Cikin Disamba 1823 wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, yana kan hanya daga Kukawa zuwa Kano, ya rubuta cewa wata rana sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙoransu ya yi ƙanƙara a sama, salkunansu kuma sun sandare. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda da ma ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum cikin Janairu 1824. Ba kowace shekara ɗari ke kaiwa haka ba, amma ko muku-mukun da mu ka saba ya isa ya kwantad da tsoho, ya hana yaro karatu.

To, ina sirrin ɗumi ya ke? Tufa ba ta ba da zafi. Jikin mutum shi ne murhu, zafinsa wajen digiri 37 a ma'aunin Santigirad, aikin tufa kuwa ta hana wannan zafi gudu. Ba zaren ne ke yin wannan aiki ba, iskar da ta maƙale tsakanin zare da zare ce, gama iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta saurin ɗauke zafi. Ku dubi kaza da asuba, yadda ta kan buɗa gashinta ta kumbura. Iska ta ke tarawa kusa da fatarta. Saboda haka riguna uku marasa kauri, ɗaya bisa ɗaya, sun fi riga guda mai nauyi riƙe ɗumi, domin tsakanin kowace biyu akwai iska a tsare.

Ga kuma wani dalili da ya shafi hunturu musamman. A Kano, cikin Janairu, ma'aunin zafi ya kan sauko wajen digiri 13 da asuba, sa'an nan ya hau kusa da 30 da azahar. Ashe ke nan cikin yini ɗaya mu kan ga sanyi mu ga zafi. Mai ƙaton kwat ba shi da tsaka-tsaki: ko ya tuɓe ya ji ɗari, ko ya bar shi ya yi gumi. Gumi kuwa shi ne babban abokin gāba, gama ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafin jiki wajen sau 25. In rigar auduga ta jiƙe da rana, iskar magariba ta buge ta, mai ita ya fi wanda bai sa ba wahala. Amma mai riguna uku sai ya cire ta tsakiya da hantsi ya ninke, ya mayar da yamma.

Ga yadda na ke ba da shawara a yi. Na ɗaya, abin da ke manne da jiki: singileti mai dogon hannu, da siririn wando na ciki wanda ya sauko har ƙwauri. Ba mai ganinsu, saboda haka ba sai masu tsada ba. Na biyu, suwaita marar kauri, in da hali ta ulu, gama ulu ya kan riƙe ɗumi ko ya ɗan yi laima. A zaɓi mai buɗaɗɗen wuya don kada ta leƙo, ko kuwa launinta ya dace da na riga. Na uku, kaftani ko babbar riga ta yadi mai kauri, wadda za ta tare iska. Babbar riga a buɗe ta ke ta gefe biyu, iska na shiga yadda ta ga dama, don haka lalle 'yar cikinta ta zama mai dogon hannu. Ka'idar dai ita ce, abin ɗumi ya shiga ciki, abin ado ya tsaya waje. Wanda ya yi haka, mai kallonsa ba abin da zai gani sai malami tsaf, alhali kuwa jikinsa na cikin ɗumi. Haka kuma 'yan'uwanmu malamai mata: suwaita a ƙarƙashin riga, da mayafi mai kauri wanda ya dace da zane.

Kada a manta da ƙafa da kai da wuya. Mutum ya sa riguna uku, sa'an nan ya fito da takalmi buɗaɗɗe ba safa, diddige duk faso, ai aikin bai cika ba. A shafa man kaɗanya, a sa safa da takalmi rufaffe. Zancen kai kuwa, iyayenmu sun riga mu. Ga hular nan haɓar kada mai rufe kunnuwa. Ga rawani, wanda ke tsare kai da wuya, amawalinsa kuma ya tare ƙura daga hanci da baki, kamar yadda Buzaye su ke yi a cikin hamadar da iskar ke fitowa. Ga falmaran da jabba da alkyabba, waɗanda a ke ɗorawa ɗaya bisa ɗaya. Duk shigar sarauta in ka duba, ka'idar nan ce ta riguna bisa riguna, ba wanda kuma ya taɓa cewa ba ta da kyau. Sa'ad da Barth ya zo Kano cikin 1851 ya tarad da saƙar garin da rininsa suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Jikokin waɗannan masaƙa bai kamata su rasa dabarar rufe jikinsu ba.

Wanda aiki ya kai shi Jos, wadda ke bisa tudu wajen mita 1,200, ko wanda za shi ƙaro ilmi Ingila, inda sanyin Landan cikin Janairu ya kan tsaya wajen digiri 5 har da yayyafi, ka'idar ba ta sākewa. Sai dai ya ƙara kwat mai hana ruwa a waje, da safar hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata safiya cikin hunturu na je duba wata makarantar firamare. Na iske yara a jere a fili, cikin gajeren wando da 'yar riga, iska na kaɗa su, a gefe guda kuma ga tarin suwaita an karɓe, wai ba sa cikin kayan makaranta. Malamin da ya karɓe kuwa yana sanye da tasa. Da a ka shiga aji na ce su rubuta kwanan wata, sai na ga yatsu sun ƙage, fensir na faɗuwa. Darasin fari duk ya tafi a banza. Yaro ƙarami ya fi babba saurin rasa zafin jiki, gama fatarsa ta fi yawa in an gwada da girman jikinsa. Kayan makaranta an yi su ne don tsabta da daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ba don a azabtad da yaro ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu abu uku. Su zaɓi launin suwaita guda ɗaya su sanad da iyaye tun cikin Oktoba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda iyayensa ba su da hali, a bar shi ya sa abin da ya samu a ƙarƙashin rigar makaranta, kada a kunyata shi. Sa'an nan a taƙaita taron safe, ko a yi shi inda rana ke bugawa. Ɗalibanmu na makarantun horon malamai su ma su riƙe wannan tun yanzu.

Wani zai ce, "Malam, ina kuɗin?" Gaskiya ne, abin duniya ya yi wuya. Amma suwaita guda ta kan yi shekaru in an wanke ta da ruwan sanyi, an shimfiɗa ta a inuwa ta bushe, ba a rataye ba. Gwanjo kuma ba abin kunya ba ne, muddin an wanke shi sosai. Ku tuna, wanda ya rasa tufa, wuta ya kan nema. Gawayi a kasko cikin rufaffen ɗaki ya kan fitad da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, ta kan kashe mutane cikin barci. Yaran da ke kewaye wuta da asuba kuma, rigar roba in ta kama narkewa ta ke yi ta manne da fata. Kuɗin bargo da suwaita bai kai kuɗin asibiti ba, balle asarar rai.

Mu ma'aikata da malamai, mu a ke kallo. In mun fito cikin kamala da ɗumi, yara da iyayensu za su koya ba sai an yi musu wa'azi ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu ga bayan hunturun bana, amin.