Langa da Ƙwallon Ƙafa a Zandam

Sanin kowa ne cewa yaran Zandam, a ƙasar Gwaram, sun fifita ƙwallon ƙafa bisa kowane wasa. Wannan ba laifi ba ne, kuma kofin Afirka da Nijeriya ta ci a Legas a 1980 ya ƙara rura wutar. Zari-ruga kuwa, suna kawai aka raɗa mata, babu mai yin ta. Abin takaicin shi ne langa, wadda ke gushewa tare da kalmominta, alhali ɗaliban Hausa ba su himmatu wajen tattara su daga bakin dattawa ba. Yaron da ya laƙanci gola da fanareti, in aka tambaye shi wane ne ruwa a langa, sai ya nuna rijiya.