Ciwon daji: Shin ƙwayoyin ƙarin bitamin na dawo da marmarin abinci?

Tun bayan sake buɗe iyakar Jibiya a shekarar 2024, wadda aka rufe sakamakon juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, kayayyaki suka ci gaba da zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi. Cikinsu har da ƙwayoyin bitamin da sauran magungunan ƙarin kuzari, waɗanda iyalan masu fama da ciwon daji kan saya idan majinyaci ya daina cin abinci ya soma ramewa.

Sai dai binciken likitoci bai goyi bayan wannan fata ba. Ramewar da ciwon daji ke haddasawa tana faruwa ne saboda cutar na sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, har tsoka ta riƙa zaizayewa. Ƙwayar bitamin ba ta iya juya wannan.

A shekarar 1994, wani gwaji da aka yi kan mazaje masu shan sigari kimanin 29,000 a ƙasar Finland ya nuna cewa sinadarin beta-carotene ya ƙara yawan kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Haka kuma a 2011, gwajin SELECT na Amurka ya gano cewa bitamin E ya ƙara haɗarin sankarar mafitsara ta maza da kashi 17 cikin ɗari.

A 2020, ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta ce babu isasshiyar shaida da za ta sa a ba masu ramewa irin waɗannan ƙwayoyi. Abin da ta ba da shawara shi ne a nemi ƙwararren masanin abinci, daga baya kuma a 2023 ta amince da maganin olanzapine kaɗan-kaɗan, bisa umarnin likita.

Akwai kuma batun jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin magunguna goma a ƙasashe masu tasowa ba shi da inganci ko kuma na bogi ne, abin da ke ƙara wa hukumar NAFDAC nauyi a bakin iyakoki.

Ga iyalan da ke Jibiya, buɗe cibiyar kula da ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 ya kawo likita kusa. Kuɗin da ake kashewa kan ƙwayoyin, in ji masana, sun fi amfani wajen kai majinyaci can da wuri.