Sakin talala: sai an nema ake samu

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2020, da cutar korona ta shigo Nijar, shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi wa ƴan kaso 1540 afuwa. Iyalai da yawa suka tafi ƙofar gidajen kaso suna jiran nasu. Wasu sun koma gida da murna, wasu kuwa sun koma hannu rabbana. Afuwar shugaban ƙasa tana shafar wanda kotu ta riga ta yanke wa hukunci ne. Wanda yake jiran shari'a ba shi da hukuncin da za a yafe masa, ko da ya shekara a tsare. Masu irin wannan jira ba kaɗan ba ne: rahotannin shekarun baya sun nuna sun fi rabin mutanen da ke cikin gidajen kason ƙasar.

To, kai mai karatu, idan ɗanka ko ƙanenka yana cikin wannan hali, hanyarsa ita ce neman sakin talala.

Abin da ya kai shi kaso takarda ce da alƙali ya sa wa hannu. Wannan takarda ba ta ce ya aikata laifi ba. Ta ce a ajiye shi ne don kada ya gudu, ko ya tsorata shaidu, ko ya ɓata hujjoji. Idan waɗannan dalilai sun kau, ana iya roƙon alƙali ya janye umurninsa. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka, wadda aka kafa a 1961, ta ba wanda ake tuhuma da lauyansa damar yin wannan roƙo. Gyare-gyaren da aka yi mata daga 2003 sun kuma sa wa tsarewar iyaka: wata 12 ga ƙananan laifuffuka, wata 30 ga manya. Laifin ta'addanci yana da nasa tsarin daban.

Ana rubuta takardar roƙo zuwa ga alƙalin binciken da ke riƙe da maganar. Rashin iya faransanci ba ya hana wannan. Ana iya neman wani ya rubuta, mai roƙon ya sa hannu. Alƙali zai nemi ra'ayin mai shigar da ƙara na gwamnati kafin ya yanke shawara. Idan ya ƙi, ana iya kai kuka kotun ɗaukaka ƙara, ana kuma iya sake roƙo daga baya.

A nan ne iyali suke da aiki, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Kuka da rantsuwa ba su isar alƙali. Abin da yake so ya sani shi ne: idan na sake shi, ina zan same shi? Saboda haka ku faɗi unguwa ko ƙauyen da zai zauna, da gona ko sana'ar da ta ɗaure shi a wurin. Idan ba shi da lafiya, ku haɗa da takardar likita. Idan an biya wanda aka cuta, ku kawo shaidar biyan. Wani lokaci alƙali yakan ce a ajiye kuɗin jingina. Magatakardan kotu ake ba su, ya ba ku rasit. Duk wanda ya tare ku a bakin kotu ya ce ku ba shi kuɗi ya kai wa alƙali, ku guje shi.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tambayi ofishin hukumar ANAJJ a babbar kotun yankinsa, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. An kafa ta a 2011 don agaza wa marasa ƙarfi a gaban shari'a.

Sakin talala ba ya kashe magana. Wanda aka saki ya yi alƙawarin amsa kira duk ranar da kotu ta neme shi, da sanar da ita idan ya sake wurin zama. Wannan ya shafi masu tafiya cin rani Kano ko Agadas. Idan aka kira shi ba ya nan, alƙali yana iya ba da umurnin a sake kamo shi, kuma wani kashi na kuɗin jinginar ya salwanta.